RAMIN ALJIHU: WATA DABARAR HAƊA KATAKO

Kowa ya san bencin makarantar yaƙi da jahilci. Ranar da aka kawo shi daga wurin kafinta, tsaf yake. Damina ta wuce, ɗari ya shigo, sai ya fara rawa. Mutum huɗu su zauna, ƙafa guda ta buɗe. A ɗauko dutse a buga ƙusa, ta koma. Bayan kwana kaɗan ta sake fitowa. Daga nan sai murhu.

Ba kullum ne laifin yake ga kafinta ba. Da damina katako yana shan laima, ya kumbura. In iskar hunturu ta taso, ya bushe, ya tsuke. Ramin ƙusa ya yi faɗi, ƙusa ta saki. Kuma ƙusar da aka buga a bakin da zarto ya yanka, jijiyar icce take bi. Ba ta da abin kamawa sosai.

Katako kuwa ba araha gare shi ba. Yawancinsa daga ƙasashen kudu ake kawo shi cikin mota, kamar Najeriya. Bencin da ya karye, kuɗin jama'a ne suka tafi.

DAGA INA DABARAR TA FITO?

Kafintoci sun daɗe suna sa ƙusa a karkace. Amma hannu yana kuskure. A shekara ta 1986, wani maƙerin kayan aiki na jihar Ayowa a ƙasar Amurka, mai suna Craig Sommerfeld, yana gina gidansa. Yana son ya haɗa akwatunan madafa ba tare da kan ƙusa ya fito a fuska ba. Sai ya ƙera wani ɗan ƙarfe mai rami a karkace, wanda ke yi wa bakin injin huji jagora. A 1989 ya buɗe kamfani mai suna Kreg. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin irinsa.

Wannan jagora ba ya yanka, ba ya huji. Aikinsa guda ne: ya riƙe bakin huji a kan karkata ɗaya kullum, wato digiri 15. Ga wanda bai saba da digiri ba: in bakin ya yi gaba da yatsa 4, ya nutse da misalin yatsa 1. Kusan a kwance yake shiga. Ramin da ya bari dogo ne, kamar bakin aljihun riga. Shi ya sa ake ce masa ramin aljihu.

YADDA AKE AIKI DA SHI

A ce za a haɗa sandar da ke ƙarƙashin benci da ƙafarsa. A jikin sandar ake huji, kusa da bakinta, ta gefen ciki inda ido ba ya gani. Ba a jikin ƙafa ba.

Da farko a auna kaurin katako. A ɗora jagora a kansa, a matse su tam. Bakin hujin na dabam ne. Jikinsa mai kauri ne, milimita 9 da rabi, tsininsa kuma siriri. Mai kaurin yana yi wa kan ƙusa mazauni, siririn yana buɗe mata hanya. Akwai wani zobe da ake ɗaurewa a jikin bakin, don kada ya zarce. A daidaita zoben yadda tsinin zai tsaya kaɗan kafin ya ɓulla. A gwada a guntun katako tukuna.

Rami biyu ake yi a kowane haɗi. In guda ne, sanda za ta riƙa juyawa.

Sai a shafa gam a baki, a haɗa sanda da ƙafa, a matse su. Nan ne masu gaggawa suke ɓata aiki. Ƙusar a karkace take tafiya, don haka tana jan katako gefe. In ba a matse ba, sanda ta goce, haɗi ya fito da tudu. Wanda ba shi da ƙarfen matsewa, ya kafa turaku a jikin teburin aiki, ya tokare katakon. Sannan a murɗa ƙusa a hankali. Da ta kama, a tsaya. Murɗi ya yi yawa, ta cinye ramin, ta riƙa juyawa a banza.

WACE ƘUSA?

Ba ƙusar guduma ba ce. Mai murɗi ce, wadda wasu ke kira bis, wasu sukuru. Kuma ba kowace ba. Ta wannan aiki, ƙarƙashin kanta a shafe yake, yana zama daram a gindin rami. Wadda ƙarƙashin kanta yake da tsini, tsaga katako take yi, kamar yadda gatari ke tsaga icce.

Katako mai kaurin milimita 19, ƙusa mai tsawon milimita 32. Mai kaurin milimita 38, ƙusa mai milimita 64. In ta yi tsawo, ta ɓullo ta yaga wa mutum riga. In ta gaza, ba ta kama ba. Katako mai taushi yana son mai manyan zare. Mai tauri, kamar maɗaci, yana son mai ƙananan zare. Abin da zai kwana waje, a nema masa wadda ba ta tsatsa.

IN BABU JAGORAN KANTI

Kafinta zai iya yin nasa. Ya sami guntun icce mai tauri, ya huda shi a miƙe, sannan ya yanke gefe guda a karkace da zarto, har ramin ya kwanta yadda aka faɗa. Na icce yana cinyewa da aiki. In an zura masa guntun bututun ƙarfe, ya fi daɗewa. In babu baki mai hawa biyu, a yi da baki biyu: babba tukuna, sannan siriri. A naɗa ƙyalle a jikinsu a madadin zobe. Inda babu lantarki, injin huji mai batir yana yi, ana caja shi da hasken rana. Na hannu ma yana yi, sai dai da gumi.

Amfanin dabarar shi ne sauri. Ba sai an zauna ana sassaƙa rami da harshe ba, ba kuma sai an jira gam ya bushe kafin a ci gaba da aiki ba. Tana da kyau ga tebur, benci, kanta, akwati da gindin allo.

Amma kada a ruɗu. Ba ta kai haɗin rami da harshe ƙarfi ba. Amalanke, babbar ƙofa, da kujerar da ake jingina a kanta, a bar su ga tsohon haɗi. Ramin kuma, in an bar shi a buɗe, ƙura da ƙwari suna samun ɗaki. A sassaƙa ɗan icce daidai shi, a shafa gam, a toshe, a goge. Wanda yake son ya riƙa ƙara murɗa ƙusar in ɗari ya shigo, ya toshe ba tare da gam ba.