Gwaji da Jaraba: Bangaskiyar Kirista a Ƙasar Noman Rani

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar hunturu, da ya kai Kura zai ga ƙasa ta yi kore shar, alhali ko'ina ciyawa ta bushe. Ruwan madatsar Tiga ne, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, yake gangarowa ta kanal zuwa gonakin Kadawa, Bunkure da Garun Malam, inda ake noman tumatir da shinkafa da alkama da albasa. Galibin manoman yankin Musulmi ne. Akwai kuma Kiristoci 'yan tsiraru: wasu Hausawa ne jikokin Maguzawan ƙauyukan kudancin Kano, wasu kuwa baƙi ne da aiki ko fatauci ya kawo.

Addinin Kirista bai daɗe da kafuwa a nan ba. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a cikin masarautu, saboda haka ta ƙofar magani suka shigo. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, mishan ɗin SIM ta karɓi kula da asibitin kutare na Yadakunya a 1937, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ikilisiyoyinta kuma suka zama ECWA a 1954. Sai a shekarun 1970 Maguzawa suka fara karɓar baftisma da yawa, wato daidai lokacin da ruwan Tiga ya fara sauya noman yankin.

Masu wa'azi da Hausa sukan raba kalmomi biyu da mutane ke haɗawa. Gwaji shi ne abin da ya faɗo wa mutum daga waje: ciwo, rashi, asara. Jaraba kuwa daga ciki take tasowa, kwaɗayin zuciya ne da Shaiɗan yake hura wa wuta. Koyarwar ita ce Allah yakan bar gwaji ya sami bawansa domin bangaskiyarsa ta ƙarfafa, amma ba ya jan kowa zuwa zunubi. A kan bagade rabewar tana da sauƙi. A gona kuwa tare suke zuwa, domin wahala ce takan buɗe wa jaraba ƙofa.

A ɗauki shekarar 2016. A shekarar ce aka buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote a Kadawa, manoma suna murnar samun mai saye a ƙofar gida. Sai ga tsutsar nan da suka laƙaba wa suna sharon, wadda ke shiga cikin ganye da 'ya'yan tumatir, ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, har masana'antar ta tsaya don rashin kaya. Manomin da ya ci bashin taki da iri da kuɗin haya ya wayi gari ba shi da ko kwando ɗaya. Wannan gwaji ne. Abin da ke biyo baya shi ne jarabar: a kwana a gidan giya don a manta, a ɓuya wa mai bin bashi, ko a lallaɓa wurin boka a tambayi wanda ya yi wa gonar asiri. Ga jikan Bamaguje wannan ta ƙarshe ta fi nauyi, domin kakansa da tsafin gida da yanka wa iskoki yake tarar irin wannan masifa, kuma ba a rasa dattijo a dangi da zai ce barin al'ada ne ya jawo.

Shekarar albarka ma ba ta rasa nata tarko. Idan kaya ya yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan farashi ya faɗi, hannu yakan so ya jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, tunda sai an kai Legas za a gane. Ga kuma satar ruwa: mutum ya fito da tsakar dare ya karkatar da ruwa zuwa gonarsa ba ranarsa ba, ya bar na ƙarshen kanal da ƙishi. Babu wanda ya gani. A ganina nan ne ainihin ma'aunin bangaskiyar manomi, ba yawan waƙa ranar Lahadi ba.

To da me ake yaƙin? Na farko addu'a da karatu, kuma labaran da aka fi komawa gare su sanannu ne har ga maƙwabta Musulmi: haƙurin Ayuba da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya, da Yusufu da ya gudu ya bar rigarsa a hannun matar maigidansa. Fastoci sukan ce daga Ayuba ake koyon jimrewa, daga Yusufu kuma ake koyon cewa wata jarabar ba a tsayawa gardama da ita, ƙafa ake ba ta. Sama da su duka akwai labarin Yesu da ya yi azumin kwana arba'in a jeji, aka fara jarabtarsa da abinci lokacin da yunwa ta kama shi. Manomin da rumbunsa ya ƙare ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Inda koyarwar Kirista ta ɗauki tata hanya shi ne batun alheri. A wurin Kiristoci mutum ba ya iya cin nasara kan zunubi da ƙarfin kansa, gafara kuma kyauta ce da mutuwar Almasihu da tashinsa suka samar, ba ladan aiki ba. Wanda ya faɗi, abin da ake nema gare shi shi ne ya furta laifinsa, ya tuba, ya mayar da abin da ya ci na wani, ya roƙi taimakon Ruhu Mai Tsarki. Masu suka kan ce wannan ai lasisin sake aikatawa ne. Amsar ikilisiya ita ce horo: idan laifi ya fito fili, kamar zina ko maye, dattawa sukan dakatar da mutum daga cin Jibin Ubangiji da riƙe muƙami na wasu watanni, suna ziyartarsa, sannan a karɓe shi a gaban jama'a. Horon yana da nasa aibi, don wani lokaci ya fi saurin hawa kan yarinyar da ciki ya tona wa asiri fiye da mai kuɗin da ke ba da baiko mai tsoka.

Amma abin da ya fi riƙe mutane a lokacin tsanani shi ne zumunta. Zumuntar Mata, da ɗinkinsu iri ɗaya da tulun kiɗansu, su ne ke fara isa gidan makoki da gidan haihuwa, su ne ke tara ɗan kuɗin asibiti. Matasa sukan yi gayya a gonar gwauruwa ko mara lafiya. A lokacin godiyar kaka ana kawo dami da buhu gaban majami'a, ana ware wani abu saboda marayu. Kuma ranar da aka fita gyaran kanal, ba a tambayar kowa inda yake ibada: wanda gonarsa ke shan ruwan layin, ya zo da shebur ɗinsa.