Audugar Gilashi: Maganin Zafin Ginin Kwano a Araba

A Araba, cikin ƙaramar hukumar Illela, dab da iyakar Nijar a kan hanyar Birnin Ƙonni, ginin kwano ya zama ruwan dare: shaguna, ɗakunan ajiyar hatsi, da kwantenar da aka mai da wurin sana'a. Yana da araha, ga saurin kafawa. Sai dai daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, kwanon da ya sha rana yakan kai digiri 60, ya riƙa feso zafin a kan na ciki. Mai shago ya galabaita, magani da kayan abinci su lalace.

Kakanninmu sun kauce wa wannan da soron laka mai kaurin bango, wanda zafi ke daɗewa kafin ya ratsa. Kwano kuwa falle ne siriri, don haka sai an yi masa shamaki. Ɗaya daga cikin mafi inganci ita ce audugar gilashi, wadda kamfanin Owens Corning na Amurka, da aka kafa a 1938, ya yaɗa a duniya. Ana narkar da yashi da fasassun kwalabe, a mai da su zare siriri. Iskar da ke maƙale a tsakanin zaren ita ke hana zafi wucewa.

Shi ya sa ɗaura audugar ke buƙatar lura. Idan aka danne ta, iskar ta fice, amfaninta ya ragu. A yanka ta daidai da tazarar ƙarafan bango, kada a bar kafa. Fuskar da ke da takardar alminiyum ta kalli cikin ɗaki, a liƙe duk mahaɗa, sannan a rufe da katako ko silin. A fara da rufi, domin ta nan mafi yawan zafi ke shigowa, kuma a toshe yoyo tukuna, don jiƙaƙƙiyar auduga ba ta tare zafi. Ma'aikaci ya sa safar hannu, takunkumi, tabarau da riga mai dogon hannu, saboda ƙurarta na sa ƙaiƙayi da tari.

Wanda bai da halin sayen audugar ya shafa wa kwanon farin fenti, ya buɗe tagogi masu fuskantar juna. Masu walda da kafintocin Illela su koyi wannan aiki, masu gini kuma su sa kuɗinsa cikin lissafi tun daga tushe, domin lafiyar mai zama a ciki ta fi ƙarfin abin da za a kashe.