Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Abin da Ke Ci wa Masoya Gasar Gina Jiki ta Mata Tuwo a Ƙwarya

A yawancin wasanni ba a daɗe ana gardama kan wanda ya yi nasara. A tseren gudu agogo ne ke yanke hukunci, a gasar ɗaga nauyi kuma sikeli. Gasar gina jiki ta fita daban. Wanda ya shige ta ba ya ɗaga ko kilo ɗaya a gaban 'yan kallo, domin duk ɗaga ƙarfen an gama shi a ɗakin motsa jiki watanni da shekaru kafin ranar. Abin da ya rage shi ne ya hau dandamali, ya murɗe damtse, ya buɗe faɗin baya, ya ɗaure ciki da cinya, alƙalai su duba da ido su ba da maki. Duk wasan da ido ne ma'auninsa kuwa ba ya rabuwa da ƙorafi. A ɓangaren maza abin da ɗan sauƙi, don kowa ya san abin da ake nema: girman tsoka, daidaiton sassan jiki, da ƙarancin kitse. A ɓangaren mata, an haura shekara 40 ana gasar, amma har yau ba a tsayar da magana ɗaya ba.

Mai karatu a ƙasar Hausa na iya samun nasa dalilin ƙin abin tun daga irin suturar da ake hawa dandamali da ita, wannan kuma magana ce ta daban. Abin da za mu duba a nan shi ne kukan waɗanda ke son wasan da gaske, masu sayen tikiti su cika zaure a Las Vegas ko Columbus, waɗanda suka san sunan kowace zakara da shekarar da ta ci. Koke-kokensu na da yawa, amma in aka bi su a hankali, saiwarsu ɗaya ce: masu shirya gasar sun kasa faɗin abin da suke aunawa, tsoka ce ko kyan mace.

Gasar Ms. Olympia, wadda ita ce ƙololuwar wannan fage, an fara ta a 1980 a birnin Philadelphia na Amurka. Rachel McLish ce ta ci, mace siririya mai tsoka daidai misali, irin jikin da mujallu ke rububin sakawa a bangonsu. Ba a je ko'ina ba, a 1983, aka shirya wata gasa a Las Vegas, aka gayyato Bev Francis daga Ostareliya. Ita zakarar duniya ce a ɗaga nauyi, kuma mace ta farko da ta tura nauyin da ya haura fam 300 tana kwance a benci. Da ta hau dandamali, faɗin kafaɗarta da kaurin cinyarta sun sa sauran matan sun zama kamar ba su taɓa riƙe ƙarfe ba. In tsoka ake nema, babu ta biyunta. Aka ba ta matsayi na takwas, Carla Dunlap ta ɗauki kofi. Fim ɗin Pumping Iron II da ya fito a 1985 ya nuna jami'ai da alƙalai suna ta kai-komo a kan iyakar tsokar da ta dace da mace, ba tare da sun kai ga matsaya mai gamsarwa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne labarin da masoya wasan ba su gajiya da maimaitawa. Bev Francis ta ji abin da aka ce, ta bi. Ta rage jiki, ta matse ƙugu, ta sauya gashi da kwalliya, ta sake koyon yadda ake tsayuwa a dandamali. Sau uku a jere tana zuwa ta uku a Ms. Olympia, daga 1987 zuwa 1989. A 1990 ta zo ta biyu, bayan Lenda Murray, wadda a lokacin ta fi ta faɗin baya da cikar kafaɗa. Wato matar da aka kayar saboda yawan tsoka, yanzu an kayar da ita saboda wata ta fi ta. Sai ta koma ta ƙara jiki, ta dawo a 1991 da girman da ba a taɓa gani ba. Ita ce kan gaba a zagayen farko, amma da aka tattara maki a ƙarshe, Murray ta sake ci da ratar maki ɗaya tak. Francis ba ta ƙara shiga gasa ba. Wannan shi ne kasuwar da ake saye da wani mudu, a sayar da wani, kuma ba a gaya wa mai kaya wanne za a ɗauko sai ya sauke buhunsa.

Hukumar IFBB, wadda ke kula da wasan, ta sha ƙoƙarin gyara, amma kowane gyara sai ya ƙara dagula lissafi. A 1992 aka umarci alƙalai su fifita siffar mace, su guji masu girman da ya wuce kima. A gasar Ms. International ta wannan shekarar, Anja Schreiner ta Jamus ta ci, Paula Bircumshaw ta Ingila da ta fi ta tsoka nesa ba kusa ba ta ƙare a ta takwas, zaure ya kaure da ihun rashin yarda. Shekara huɗu bayan haka, Kim Chizevsky ta karɓe kambun Ms. Olympia da jikin da ya zarce na duk waɗanda suka gabace ta girma da tauri, ta riƙe shi daga 1996 zuwa 1999. A 2000 aka sake fito da sababbin ƙa'idoji, aka ce za a riƙa duba fuska da kwalliya da lafiyar fata, tsoka kuma kada ta yi yawa. A Disambar 2004 aka aika wa 'yan wasa mata takardar da ta fi kowace shahara, wadda ta nemi su rage tsokarsu da kashi 20 cikin ɗari. Tambayar da masoya suka yi a lokacin har yau babu amsarta: da wane sikeli za a auna kashi 20 ɗin? Kuma wane namiji aka taɓa aika wa irin wannan takarda? A gasar Ms. Olympia ta 2005 Iris Kyle ta rasa kambunta ga Yaxeni Oriquen ta Benezuwela, a 2006 ta dawo ta ƙwace, ta riƙe har 2014 ba tare da an ga wani ragi na a zo a gani ba.

A nan ne masoyan suka rabu gida biyu. Akwai masu kewar zamanin Cory Everson, wadda ta ci Ms. Olympia sau shida daga 1984 zuwa 1989, lokacin da ake nuna gasar a talabijin kuma mace mai zuwa ɗakin motsa jiki za ta iya kallon zakara ta yi sha'awar kamo ta. Su a wurinsu an wuce gona da iri, shi ya sa 'yan kallo suka watse. Akwai kuma masu cewa sunan wasan gina jiki, duk wadda ta fi ginawa ita ta cancanta, batun jan baki da gyaran gashi a bar wa gasar sarauniyar kyau. Abin lura shi ne duka ɓangarorin biyu alƙalai suke zargi, kuma duka suna da hujja. Na farko suna ganin an rubuta doka an ƙi aiki da ita, na biyu suna ganin ana ɗauko dokar ne kawai ranar da ake son kayar da wata. Daga nan ne zargin son kai ke samun gindin zama: ana cewa wadda ke da sanannen mai horarwa ko babban kamfani a bayanta ba ta faɗuwa ƙasa. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ma'aunin da ba a fayyace ba ba ya iya wanke kansa.

Maimakon a warware, sai aka yi ta buɗe sababbin rukunoni. A dandalin Olympia an kawo Fitness a 1995, inda ake haɗawa da tsalle-tsalle da alkafura. Figure ya zo a 2003, Bikini a 2010, Physique a 2013, sai Wellness a 2021, wanda ke fifita cikar cinya da ƙugu kuma matan Brazil suka yi kaka-gida a cikinsa. Kowane rukuni an buɗe shi ne da alkawarin jiki mai sauƙin kaiwa. Kukan masoya shi ne, ba a shekara biyar sai a ga rukunin ya fara bin sawun na gaba da shi, domin alƙali na ganin wadda ta fi tauri a layi hannunsa ke karkata gare ta, sauran kuma su ɗauki darasi. Wanda ya kwatanta jikin Dana Linn Bailey, zakarar Physique ta farko, da na masu cin rukunin a 'yan shekarun nan, zai ga tazarar da idonsa. Ga kuma bambancin da ke ba wasu haushi: a rukunin gina jiki na asali mace na hawa ba takalmi, ta dunƙule hannu ta nuna ƙwanji kamar yadda maza ke yi, a Figure da Bikini kuwa dole ta sa takalmi mai tsini. Masu son asalin wasan na ganin an mayar da dandamalin wurin tallar kaya, an tura 'yan wasan gaske gefe.

Batun kuɗi ya fi komai fitowa fili, don shi lissafi ne. A 1999 saura ƙiris a fasa Ms. Olympia gaba ɗaya saboda rashin cinikin tikiti, sai da aka yi karo-karo aka mayar da ita jihar New Jersey. Gasar Arnold Classic ta soke Ms. International bayan ta 2013. Ms. Olympia kanta an rufe ta bayan ta 2014, shekarar da Iris Kyle ta ci kambu na goma, adadin da babu namijin da ya kai, domin Lee Haney da Ronnie Coleman takwas-takwas suka tsaya. Shekara biyar babu gasar. Kamfanin Wings of Strength na Jake Wood ne ya riƙe wasan da wata gasa mai suna Rising Phoenix tun daga 2015, kuma a 2020, shekarar da Wood ya sayi Olympia ɗungurungum, aka dawo da ta mata. A wannan shekarar Andrea Shaw ta tafi gida da dala 50,000, Mamdouh Elssbiay na Masar da ya ci ta maza kuma ya karɓi dala 400,000. A 2024 Samson Dauda, haifaffen Najeriya mazaunin Ingila, ya ci ta maza ya karɓi dala 600,000. Masu shiryawa na cewa kasuwa ce ke yanka farashi, maza ke kawo 'yan kallo. Masoya na mayar musu da cewa ba a ɓoye kaya a ƙuryar shago sannan a yi kukan rashin ciniki: shekaru da dama zagayen farko na mata a filin baje koli ake yin sa, cikin hayaniyar masu tallar garin furotin, babban zaure kuma a keɓe wa maza.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na lafiya. Jikin mace ba ya samar da sinadarin testosteron sai kaɗan in aka kwatanta da na namiji, saboda haka akwai iyakar da tsokarta ke kaiwa komai ƙoƙarinta. Masu son tsallake iyakar kan koma ga ƙwayoyi da alluran sitiroyid, kuma sakamakon ba ya ɓuya: murya ta yi kauri, gashi ya tsiro a fuska, na kai ya zube, al'ada ta ɗauke, hanta da zuciya su jigata. Kaurin murya sau da yawa ba ya komawa ko an daina. An taɓa gwada tsaurara gwaji a ƙarshen shekarun 1980, har aka ƙwace wa Tonya Knight kambun Ms. International na 1989 bayan an gano wata ta aika ta ba da fitsari a madadinta, amma tsaurin bai ɗore ba a manyan gasannin ƙwararru.

Makon ƙarshe kafin gasa ya fi kowane lokaci haɗari. Bayan wata uku ko huɗu ana auna abinci da sikeli, sai a shiga wasa da ruwa da gishiri don fata ta manne wa tsoka, kowace jijiya ta fito raɗau. Wasu kan ƙara da maganin sa fitsari, wanda ke kwashe gishirin da zuciya ke buƙata don bugawa daidai. A bayan dandamali za ka ga mace an shafe ta da fenti mai duhu da mai, leɓe a bushe, tana tsotsar zuma ko ɗan biskit ɗin shinkafa, ƙafa na ɗaurewa, sannan a kira lambarta ta fita tana murmushi. Alena Kosinova ta ƙasar Cek ta rasu a 2021 a Sifen, ana gab da gasar da ta je yi. A 2022 jaridar Washington Post ta buga jerin bincike kan mace-macen 'yan wasan gina jiki da kuma yadda wasu masu iko ke cin zarafin mata a harkar. Masoya da yawa sun karanta cikin ɓacin rai, domin sun san bushewar da ke kai mutum asibiti ita ce dai alƙalai ke saka wa da maki.

Duk wannan kukan bai hana su zuwa kallo ba, kuma buƙatunsu ba masu wuyar fahimta ba ne. A rubuta ƙa'idar kowane rukuni dalla-dalla, a yi aiki da ita kowace shekara ba sai an ga dama ba. A bayyana makin kowane alƙali da dalilinsa. A daina ba wadda ta fi kowa bushewa kofi, a sa likitoci da gwajin gaske a manyan gasanni. A ba mata babban zaure da lokacin da mutane ke kallo, sannan a yi maganar ciniki. Taura biyu ba ta taunuwa: in gasar tsoka ce a auna tsoka, in ta kyau ce a faɗa tun kafin mace ta ba da shekara goma na rayuwarta da lafiyarta. Ikon gyara yana hannun masu riƙe da takardar maki, domin duk abin da suka saka wa da kofi bana, shi dubban mata za su kwana suna nema baɗi.