Me Ke Sa Murya Ta Riƙa Yankewa a Kiran Kwamfuta?

Tun a shekarar 1995 kamfanin VocalTec ya fito da manhajar kiran murya ta intanet, sannan Skype ya biyo baya a 2003, ya yi tashe har aka rufe shi a watan Mayun 2025. A yau ɗan kasuwar Kurmi da ke ciniki da Dubai, da ɗalibin da ke ganawar neman gurbin karatu daga Yakasai, duk sun dogara da irin wannan kira. Kalma guda idan ta ɓace, tana iya jawo asarar ciniki ko ta gurbi.

Kwamfuta ba ta aika murya a dunƙule. Takan yayyanka ta gutsi-gutsi, galibi kamar gutsure 50 a kowane sakan, ta aika su ɗaya bayan ɗaya, kwamfutar da ke ɗaya ɓangaren kuma ta harhaɗa su. Idan wasu suka ɓata a hanya, sai a ji magana tana tsinkewa. Idan kuwa suka makara, sai masu magana su riƙa cin karo da juna. Hukumar sadarwa ta duniya, wato ITU, ta nuna cewa jinkirin da bai wuce kashi 150 cikin 1000 na sakan ba shi ne wanda ba ya dagula hira.

A cikin birni, ginin ƙasa mai kauri da ke ba mu sanyi lokacin bazara shi ne kuma ke raunana sigina ta Wi-Fi. Saboda haka idan na'urar intanet tana zaure, kai kuma kana ƙuryar ɗaki, matso kusa da ita, ko ka haɗa su da waya. Sannan a dakatar da masu kallon bidiyo a gida har a gama.

Matsala ta biyu ita ce amsa-kuwwa, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Idan kana jin muryarka tana dawo maka, laifin ba daga wajenka yake ba. Lasifikar abokin maganarka ce ke fitar da muryarka, makirufonsa ya sake ɗauka ya mayar maka. Sai ya rage ƙarar lasifika, ko ya sa abin sauraro na kunne.

Ta uku ita ce gunji mara yankewa. Wutar lantarkin Nijeriya tana kai-komo sau 50 a sakan, kuma caja mara kyau takan shigar da wannan gunji cikin sauti. Zare caja, ka bar kwamfuta a kan batir. Idan ya ɗauke, ka gano mai laifi. Haka kuma ƙurar hunturu kan toshe ramin makirufo, murya ta dushe. Buroshi mai laushi ya isa.

Idan ba a jin ka ko kaɗan, duba ko manhajar ta zaɓi makirufon da ya dace, kuma an ba ta izinin amfani da shi. Ɗauki muryarka ka saurara kafin kira.

Wani lokaci kuwa abin ya fi ƙarfin gida. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, sadarwa ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta. Don haka kafin ka kai kwamfuta wajen mai gyara, tambayi maƙwabcinka ko shi ma haka yake fama.