Matsalar Kalma a Yaƙi da Keta Haddin Mata da Ƙananan Yara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba kalmomi da jumlolin da ake amfani da su a Hausa wajen faɗakar da jama'a kan keta haddin mata da ƙananan yara ta hanyar jima'i. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014, tare da tallafin UNICEF, ya nuna cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun gamu da irin wannan ta'asa kafin su cika shekara 18. A 2019 matasan Arewa suka fara fallasa masu laifin a ƙarƙashin taken ArewaMeToo, a watan Yuni na 2020 gwamnonin jihohi suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a Satumba na shekarar kuma Jihar Kaduna ta sa hukuncin dandaƙa a dokarta. Sai dai yawancin saƙonnin gangamin da Turanci ake tsara su, daga baya a miƙa wa mai fassara. Shi kuwa yakan ɗauko kalmar da ta fi kusa da hannu, wadda sau da yawa takan warware abin da saƙon ya zo ƙullawa.

2.0 Sakayawa da Ɓoye Mai Laifi

Kunya ta sa Bahaushe ba ya ambaton jima'i kai tsaye, kuma babu aibi a nan. Aibin yana ga wanda sakayawar ke rufa wa asiri. A dubi waɗannan jumloli da ake ji kullum a rediyo da cikin gidaje:

(1) An yi mata fyaɗe.
(2) Ya yi lalata da ita.
(3) Ya ɓata ta.
(4) Ta lalace.

A jumla ta (1), lamirin "an" ya kawar da aikau baki ɗaya. Wani lokaci ba a san mutumin ba, amma galibi sananne ne, maƙwabci ko ɗan'uwa ko malami, sai nahawu ya ba shi mafaka. Jumla ta (2) ta fi kowace yawa a bakin 'yan jarida, kuma ta fi kowace ɓarna. Harafin "da" a nan na tarayya ne, irin wanda ke cikin "ya yi hira da ita" ko "ya yi ciniki da ita". Ke nan idan aka ce dattijo ya yi lalata da 'yar shekara biyar, ginin jumlar ya mai da yarinyar abokiyar aiki, alhali sashe na 282 na Final Kod bai ɗauki yardar wadda ba ta kai shekara 14 ba a bakin komai.

Jumla ta (3) ta fito da aikau, amma ta siffanta yarinyar da kaya, kamar tufa ko abinci, wanda in ya ɓaci an yi asararsa ke nan. Daga nan zuwa jumla ta (4) taki ɗaya ne. "Lalata" aikatau ne so-karɓau, "lalace" kuwa ƙi-karɓau ne, don haka da zarar an koma gare shi mai laifin ya fita daga jumlar, yarinyar ta zama aikau, abin da aka yi mata ya koma halinta. A kan wannan sauyi ne "cikin shege" da "abin kunya" suke tsaye, kuma shi ke sa iyaye su zaɓi sulhu a zaure maimakon zuwa asibiti da ofishin 'yan sanda.

Haka abin yake ga yara maza. Akan ce "ya yi luwaɗi da yaro", sunan zunubin ya hau kan su biyun. Abin lura shi ne Final Kod mace kaɗai ta sani a babin fyaɗe; Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015 ce ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da namiji, amma har yanzu kunnen Bahaushe bai saba da "an yi wa yaro fyaɗe" ba.

3.0 Inda "Fyaɗe" Bai Kai Ba

Kalmar "fyaɗe" tana ɗauke da hoton ƙarfin tuwo: a kama, a kayar, a danne. Saboda haka ba ta ɗaukar wani nau'in zalunci da ya fi yaɗuwa, wato wanda ake yi da yunwa ko da muƙami. A Oktoba 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mata da 'yan mata 43 a sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri, waɗanda jami'an tsaro da shugabannin sansani suka yi wa fyaɗe ko suka yaudare su da abinci da alkawarin aure. A Oktoba 2019 kuma BBC ta nuna yadda wasu malamai a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana ke neman ɗalibai mata. Wannan misali na biyu ya shafi masu karanta wannan mujalla fiye da yadda za su so. 'Yar talla da mai shago ya saye farantinta duka don ta shiga ciki, ita ma tana cikin wannan sahu.

A duk waɗannan babu kokawa, sai mai sauraro ya ce ai da yardarta. "Cin zarafi" ya yi faɗi, domin zagi ma cin zarafi ne. "Ci da gumi" na ƙwadago ne. "Karuwanci" kuwa, wanda wasu ke sawa a fassarar saƙonnin NAPTIP, hukumar da aka kafa a 2003 don hana fataucin mutane, suna ne da ke bin matar, ya bar kawali da magajiya da mai biyan kuɗin.

Abin mamaki shi ne akwai taskar da masu fassara ba su cika leƙawa ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa shekaru aru-aru, ya bambanta zina da tilastawa. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta keɓe babi kan matar da aka tilasta: babu haddi a kanta, haddin na kan namijin, kuma sai ya biya ta sadaki. "Tilas" da "tursasawa" kalmomi ne da kowa ya sani, kuma suna karɓar sababi, ana iya cewa "ya tursasa ta da yunwa" ko "ya tilasta mata da barazanar kayar da ita a jarrabawa". A irin wannan gini aikau yana nan da sunansa, makamin da ya yi amfani da shi ya bayyana, ita kuwa tana matsayin karɓau, inda shari'a ta ajiye ta.