BAYANI: Yadda ake zana duniyar wasannin bidiyo, da halin da masu zanen ke ciki

Lokacin da kamfanin Rockstar ya fitar da wasan Red Dead Redemption 2 a watan Oktoban 2018, abin da ya fi ɗaukar hankalin masu wasa shi ne kyan dazuzzuka da dawakai da fuskokin mutanen da ke cikinsa. Babu itace ko dutse guda a wannan duniya da ya samu haka kawai. Mutane kusan 2,000 ne suka yi aikin, cikin shekaru kusan takwas, kuma da yawansu masu zane ne.

Aikin yana farawa ne daga mai zanen fasali, wanda ke zayyana kamannin mutum ko gari a kan allon zane da manhaja irin su Photoshop. Daga nan sai mai sassaƙa ya karɓa, ya mayar da zanen siffa mai tsawo da faɗi da kauri. A manhajar ZBrush, yana murza siffar kamar yadda magini ke murza yumɓu, har ya fitar da tamoji a goshi da zaren ɗinki a riga.

A nan ne babbar matsalar sana'ar take. Kwamfuta tana gina kowace siffa ne da ƙananan alwatika, kuma sassaƙa mai kyau tana iya cin miliyoyinsu. Shi kuwa wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa guda, dole na'ura ta kammala kowane hoto cikin ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa. Don haka sai a sake gina siffar da alwatika kaɗan a Maya ko Blender, sannan a kwafe bayanan tudu da kwarin ta farko a shimfiɗa su a kanta. Idan haske ya faɗa mata, ido zai ga tamojin da a zahiri babu shi.

Bayan haka sai mai fenti ya shafa launin fata, tsatsa ko ƙura da Substance Painter. Wani ya dasa wa siffar ƙwarangwal domin gaɓoɓinta su lanƙwasa, wani ya ba ta motsi, wani kuma ya tsara haske a cikin injin wasa irin su Unreal ko Unity. Idan shugabanni suka sauya shawara a kan labari, aikin watanni na iya tafiya a banza.

Kayan aikin sun yi sauƙin samu fiye da da. Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, kyauta ce tun 2002. Sai dai sauƙin kayan aiki bai kawo sauƙin rayuwa ba.

Gab da fitowar Red Dead Redemption 2, Dan Houser, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Rockstar, ya shaida wa mujallar New York cewa sun yi makonnin aikin awa 100. Da aka yi masa ca, sai ya ce yana nufin shi da manyan marubuta ƙalilan ne. Amma binciken ɗan jarida Jason Schreier a kafar Kotaku ya ambato ma'aikata da dama da suka ce ƙarin lokacin aiki ya zame masu tilas. Binciken ya kuma nuna cewa wanda ya bar kamfanin kafin wasan ya fito ba a saka sunansa a jerin waɗanda suka yi aikin. Ga mai zane, wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin da aikin da ya yi a baya yake neman na gaba.

Sai kuma guguwar sallama. A Satumban 2023, Epic Games, mai injin Unreal, ya sallami ma'aikata kusan 830. A Janairun 2024, watanni uku bayan ya saye Activision Blizzard a kan dala biliyan 68.7, Microsoft ya sallami 1,900 daga sashen wasanni. Sony ya biyo baya da 900 a Fabrairu. A kan wannan kuma ga fargabar ƙirƙirarriyar basira, wadda ke fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi bayan an horar da ita da zanen mutane.

Martanin ma'aikatan shi ne haɗa kai. A Yulin 2024, ma'aikatan Bethesda Game Studios da na World of Warcraft a Amurka, ciki har da masu zane, suka kafa ƙungiyoyin ƙwadago. A watan ne kuma 'yan wasan da ake ɗaukar muryarsu da motsin jikinsu suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin ƙungiyar SAG-AFTRA, suna neman kada a kwaikwayi muryarsu ko motsinsu da na'ura ba tare da izini da biya ba. Yajin ya kai kusan shekara guda kafin aka cimma yarjejeniya a 2025.