Lissafin Sakandare Da Awon Fuloti A Maje

Tun 1976 da aka zaɓi Abuja ta zama babban birnin ƙasa, fili ya yi daraja a ƙasar Suleja, har da Maje. 'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun kan aika da kuɗi a saya musu fuloti ba su gani ba.

Fuloti mai tsawon ƙafa 100, faɗi 50, murabba'in ƙafa 5,000 ne. In aka zaftare ƙafa biyar a tsawo, biyar a faɗi, saura 4,275. An ci 725 ke nan.

Kusurwa kuwa, magina da igiya suke gwada ta: ƙafa 3 nan, 4 can, in tsakaninsu ya ba da 5, ta tsaya daidai. Ƙa'idar Fitagoras ce, wadda ake koya wa 'yan sakandare. Saboda haka ranar awo a tura ɗan makaranta da igiyarsa.